Baffa, kawu da taubashi: Yadda al'ummomi ke raba danginsu da suna

Babu al'ummar da ba ta da sunayen da take kiran dangi da su, sai dai da wuya a sami harsuna biyu da suka raba dangin iri ɗaya.

Ɗan'uwan uba da ɗan'uwan uwa, waɗanda Bahaushe zai kira baffa da kawu, kalma ɗaya ce ke ɗauke da su a Ingilishi. Balarabe yana da suna dabam ga kowannensu. A harshen mutanen asali na tsibiran Hawaii kuwa, su biyun duka sunansu ɗaya da mahaifi.

Bambancin bai tsaya a baki ba. A wurare da dama sunan da aka kira mutum da shi yana tafiya ne tare da hakki da nauyi, wato wa za a iya aura, wa zai ci gado, wa zai riƙe maraya, wa ake jin nauyinsa, kuma da wa ake wasa.

Lauyan da ya fara tattara sunayen

Binciken wannan fanni a tsarin ilmin zamani ya faro ne daga wani lauya Ba'amurke, Lewis Henry Morgan, wanda aka haifa a 1818, ya kuma yi aikin lauya a birnin Rochester na jihar New York.

A shekarun 1840 Morgan ya ƙulla abota da Ely Parker, wani matashi ɗan ƙabilar Seneca, ɗaya daga cikin ƙabilun Iroquois na Indiyawan Amurka. Ta hannunsa ne ya shiga cikinsu, ya kuma lura da wani abu da ya ɗaure masa kai.

Yaro a cikin Seneca yana kiran ɗan'uwan mahaifinsa uba, yana kiran 'yar'uwar mahaifiyarsa uwa, 'ya'yansu kuma yayye ne da ƙanne a wurinsa. Amma ɗan'uwan uwa da 'yar'uwar uba suna da nasu sunayen, 'ya'yansu ma ba a sa su a sahun 'yan'uwan ciki ɗaya.

Da farko Morgan ya ɗauka al'adar Iroquois ce su kaɗai. A 1858, lokacin da wata harka ta kai shi jihar Michigan, sai ya tarar da kusan irin wannan tsari a wurin ƙabilar Ojibwa, wadda harshenta ya sha bamban da na Seneca. Shekara guda bayan haka wani ɗan mishan ya ba shi sunayen dangi na Tamil, mutanen kudancin Indiya, ya ga su ma sun yi kama.

Daga nan ne ya shirya wata doguwar takardar tambayoyi, aka rarraba ta ga 'yan mishan da jami'an jakadancin Amurka a sassan duniya, da taimakon cibiyar Smithsonian da ma'aikatar harkokin wajen ƙasar. Sakamakon shi ne wani ƙaton littafi da ya fito a 1871, ɗauke da sunayen dangi na al'ummomi 139.

Morgan ya kasa tsare-tsaren gida biyu: waɗanda ke ware iyaye da 'ya'ya na cikin mutum daga sauran dangi, da waɗanda ke haɗa su rukuni-rukuni da 'yan'uwansu.

Inda ya yi tuntuɓe shi ne wajen fassara abin da ya gano. Ya yi zaton cewa kiran maza da yawa uba alama ce ta wani zamani da ya shuɗe, wanda mutane ke auren gayya har ba a san uban kowa ba. A littafinsa na 1877 ya jera al'ummomin duniya hawa-hawa, ya ɗora Turawa a sama. Friedrich Engels ya gina littafinsa na 1884 kan asalin iyali da dukiya a kan wannan ra'ayi.

Masana sun daɗe da yin watsi da wannan fassara, kuma mai jin Hausa ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya ga rauninta. Yaron da ke kiran ƙanin mahaifinsa baba bai jahilci wanda ya haife shi ba. Matsayi ne yake bai wa ƙanin uban.

Abin lura, shi kansa Morgan 'yar kawunsa ya aura a 1851, auren da a yau dokokin kusan rabin jihohin Amurka suka hana.

Gida shida

A 1949 wani masanin jami'ar Yale, George Peter Murdock, ya kwatanta al'ummomi 250, ya kuma daidaita rabon da har yanzu ake koyarwa a jami'o'i. Ma'aunin da aka fi dubawa shi ne yadda mutum ke kiran 'ya'yan 'yan'uwan iyayensa, kuma kowane gida an laƙaba masa sunan wata al'umma da ke bin sa.

Mafi sauƙi shi ne tsarin Hawaii, inda tsara ce kawai ke raba mutane: duk tsarar iyaye iyaye ne, duk tsarar mutum 'yan'uwansa ne. Yarbanci ya kusanci wannan. Baba da iya sun game tsarar iyaye, tsakanin 'yan'uwa kuma ba a duba mace ko namiji sai girma, wato egbon ga babba, aburo ga ƙarami.

Kishiyarsa shi ne wanda aka sa wa suna tsarin Sudan, inda kusan kowane matsayi ke da sunansa. Larabci misali ne: amm da amma a ɓangaren uba, khal da khala a ɓangaren uwa, 'ya'yansu kuma ana jingina kowanne ga mahaifinsa, kamar ibnul amm ko bintul khal.

Tsarin da aka kira na Eskimo, mutanen da a yau aka fi sani da Inuit, shi ne kuma na Ingilishi da Faransanci. Yana killace uba da uwa da 'ya'yansu, sauran dangi kuma ya tara su a 'yan kalmomi kaɗan ba tare da duba ɓangare ba.

Na huɗu shi ne na Iroquois da aka ambata. Sauran biyun, Crow da Omaha, sun ɗauki na Iroquois ne suka ƙara masa wani abu: suna haɗa mutanen da ba tsara ɗaya ba a suna ɗaya. A wurin Omaha, waɗanda ke bin zuriya ta uba, ɗan kawu shi ma kawu ne, ko da jariri ne a goye. A tsarin Crow, na masu bin zuriya ta uwa, ɗan goggo uba ne.

Turawa ma ba haka suka fara ba

Harshen Latin na Rumawa yana da kalmomi huɗu: patruus ga ɗan'uwan uba, avunculus ga ɗan'uwan uwa, amita ga 'yar'uwar uba, matertera ga 'yar'uwar uwa. Daga avunculus ne kalmar uncle ta Ingilishi ta samo asali, wato asalinta kawu ne kaɗai, aunt kuma daga amita, wato goggo.

Tsohon Ingilishi shi ma ya raba huɗun. Kalmomin sun ɓace ne sannu a hankali bayan da Normandawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila a 1066.

Masanin Birtaniya Jack Goody, wanda ya yi bincikensa na farko a arewacin Ghana, ya danganta raunin manyan zuriyoyi a Turai da dokokin Cocin Katolika na hana auren dangi. Akwai lokacin da hanin ya kai har hawa bakwai na zumunta, kafin wani taron Cocin a 1215 ya rage shi zuwa huɗu. A ra'ayin Goody, wanda ya wallafa a 1983, hakan ya taimaka wajen karkata dukiyar marasa magada zuwa ga Cocin. Ba duka masana tarihi suka yarda da shi ba.

Har yanzu harshen Sweden yana raba ɓangarorin: mormor ita ce kaka ta wajen uwa, farmor ta wajen uba.

Suna da aure

A kudancin Indiya ne alaƙar suna da aure ta fi fitowa fili. A harshen Tamil kalmar mama tana nufin kawu, tana kuma nufin suruki, uban matar mutum. Attai goggo ce, kuma suruka ce. Harshen ya riga ya ɗauka cewa 'yar kawu ko 'yar goggo ita ce matar da ta dace.

'Yar baffa kuwa, ko 'yar ƙanwar uwa, ƙanwa ce ko ya, aurenta abin kunya ne babba. Dokar auren mabiya Hindu ta 1955 ta hana auren dangi na kusa, amma ta bar ƙofa ga al'ummomin da al'adarsu ta amince da shi, abin da ya ba auren 'yar kawu gindin zama a kudu.

A ƙasashen Larabawa lamarin ya juya. Wadda Tamil zai kira ƙanwa, wato bintul amm, ita ce al'ada ta fi so ga saurayi, domin dukiya da 'ya'ya su zauna a gida ɗaya. Kusancin jinin 'yar baffa da na 'yar kawu daidai yake a ilmin halitta. Al'umma ce ta ware ɗaya ta ce halal, ta ce ɗaya haram.

Wasu ƙabilun asali na Ostareliya sun wuce nan. Warlpiri sun kasa dukkan jama'arsu rukuni takwas, kowa na shiga nasa tun daga haihuwa, kuma daga sunan rukunin ake sanin wanda zai aura da wanda zai kauce wa. Baƙon da ya daɗe a cikinsu akan ba shi rukuni, domin a san yadda za a zauna da shi. Dyirbal na jihar Queensland a da har wani salon magana na dabam suke da shi, wanda ake amfani da shi idan suruka tana kusa.

Matsayin kawu

A yawancin al'ummomin Afirka babu dangin da ya ja hankalin masu bincike kamar kawu. A harshen Zulu ana kiransa umalume, kalmar da ake fassarawa da uwa namiji. Masanin Birtaniya A. R. Radcliffe-Brown ya yi bayani a 1924 cewa inda iko ke hannun uba da danginsa, gidan kawu shi ne wurin sakewa da shagwaɓa.

Inda zuriya ke bin uwa kuwa, kawu shi ne mai iko. A wurin Akan na Ghana, waɗanda suka haɗa da Asante da Fante, yaro ɗan abusua ne, wato zuriyar mahaifiyarsa. A al'adance dukiyar namiji da sarautarsa suna komawa ne ga ɗan'uwansa ko ɗan 'yar'uwarsa, ba ga ɗansa na cikinsa ba.

Wannan ya nuna dalilin da ya sa a cikin Fante mutum kan iya kiran ɗan kawunsa "ɗana": wata rana zai gaji kawun, ya ɗauki nauyin iyalinsa.

Tsarin ya fara gamuwa da matsala ne bayan da gonakin koko da gidajen birni suka zama babbar dukiya. Mata da 'ya'yan da suka yi wahalar noma tare da maigida sukan wayi gari dangin uwarsa sun karɓe komai. A 1985 gwamnatin Jerry Rawlings ta kafa dokar gado da ta bai wa matar aure da 'ya'ya kaso mafi tsoka daga dukiyar da mamaci ya tara da kansa, idan bai bar wasiyya ba.

Ina Hausa ta faɗa?

Hausa ba ta zauna daram a gida ɗaya daga cikin shidan ba. A tsarar iyaye ta yi kama da Iroquois: wan uba ko ƙaninsa uba ne, ana ce masa baba ko baffa, yar uwa ko ƙanwarta uwa ce, ana ce mata inna ko iya, kawu da goggo kuma suna gefe. A tsarar mutum kuwa kowa wa ne ko ƙane, ya ce ko ƙanwa, kamar a Hawaii.

Duk da haka harshen ya san bambancin idan ana buƙatarsa. 'Ya'yan wa da ƙane 'yan maza zar ne, 'ya'yan ya da ƙanwa 'yan mata zar, ɗan mace da ɗan namiji kuma taubasai ne, abokan wasa. Auren zumunci ya halatta a dukkan ɓangarorin uku, abin da zai ba Tamil mamaki.

Kalmomin baffa da kawu da goggo sun shigo ne daga Fulatanci. Tsofaffin ƙamusoshin Hausa sun adana rafani a matsayin sunan ɗan'uwan uwa, kalmar da ba kasafai ake jin ta a birane ba yanzu.

Haka nan Hausa ta tanadi sunaye ga dangantakar da Ingilishi ba shi da kalma ɗaya tak a kanta, domin gidan Bahaushe ya fi buƙatarsu: kishiya, da facala, da 'yan uba, da 'yan ɗaki ɗaya. Ta gangara kuma daga ɗa zuwa jika zuwa tattaɓa-kunne.

Tare da sunayen akwai ladabin da ke bin su. Uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan miji, suruki ana jin nauyinsa. Kaka da jika kuwa wasa suke yi, har kaka ta kira jikanta miji. Littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a lardin Zariya aka kuma buga a 1954, cike yake da bayanin waɗannan ƙa'idoji. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan dangi na Jamhuriyar Nijar a jerin al'adun duniya da ake adanawa.

Inda shari'a ke tsefe abin da baki ya haɗa

Ga al'ummar Musulmi akwai ma'auni na biyu, wato fiƙihu, kuma shi ba ya bin sunan da ake kira a tsakar gida.

Malamai sun san cewa akan kira baffa uba. Sukan kafa hujja da aya ta 133 a Suratul Baƙara, inda aka lissafa Annabi Isma'ila cikin iyayen Annabi Yaƙub, alhali baffansa ne. Amma a rabon gado baffa ba uba ba ne. Yana cikin asaba, masu ɗaukar abin da ya rage bayan masu kaso sananne, kuma ɗa ko uba ko ɗan'uwa namiji na wajen uba yana katange shi.

Kawu kuwa, duk da kusancinsa a zuciya, yana cikin zawul arham, waɗanda a asalin mazhabar Malikiyya ba sa cikin magada. Ba ya kuma cikin waliyyan aure ta fuskar nasaba. A batun renon yaro ma'aunin ya karkata ɗaya ɓangaren: bayan uwa, kaka ta wajen uwa da 'yar'uwar uwa suna gaba da dangin uba.

Kalmar ɗan'uwa ma sai da aka tsaga ta uku, shi ya sa Hausa ta ari shaƙiƙi da li'abi da li'ummi daga Larabci. Shaƙiƙi yana katange li'abi. Li'ummi yana da kaso ɗaya cikin shida idan shi kaɗai ne, idan sun fi ɗaya su raba ɗaya cikin uku, matuƙar mamacin bai bar ɗa ko jika ta wajen ɗa ko uba ko kaka namiji ba.

Shari'a ta kuma san wata zumunta da ba jini ba ce ba kuma aure ba, wato shayarwa, wadda ke haramta aure kamar yadda nasaba ke haramtawa. A ɗaya ɓangaren ta hana jingina ɗan riƙo ga wanda ba mahaifinsa ba, kamar yadda ya zo a farkon Suratul Ahzab. Don haka yaron da aka riƙa zai iya kiran mai riƙonsa baba har tsufa, amma ba ya gadonsa.

Wasu al'ummomi sun bi wata hanya dabam. A cikin Nuer na Sudan ta Kudu, kamar yadda E. E. Evans-Pritchard ya rubuta a 1951, idan namiji ya mutu bai bar ɗa ba, ɗan'uwansa kan auro mace da sunan mamacin, 'ya'yan da aka haifa kuma na mamacin ne. Wanda aka biya shanun aure da sunansa shi ne uba.

A gaban jami'in shige da fice

Bambancin ma'anar ɗa ko ɗan'uwa yana iya raba iyali a kan iyakar ƙasa. A 2008 Amurka ta dakatar da wani shirinta na haɗa 'yan gudun hijira da iyalansu, bayan gwajin ƙwayoyin halitta na DNA da aka yi wa masu nema a wasu ƙasashen Afirka, ciki har da Kenya, ya kasa tabbatar da alaƙar jini a yawancin iyalan.

Hukumomin Amurka sun kira abin zamba, kuma babu shakka akwai waɗanda suka yi ƙarya. Amma masu kare 'yan gudun hijira sun nuna cewa iyalan da yaƙi ya ɗaiɗaita sukan ɗauki marayun dangi da na maƙwabta, kuma a harshensu waɗannan 'ya'ya ne, ba wani suna. An maido da shirin a 2012, da sharaɗin gwajin DNA.

Abin da sabon bincike ya nuna

A 2012 wasu masana biyu, Charles Kemp da Terry Regier, sun auna tsarin harsuna kusan 500 da kwamfuta. Sun gano cewa a cikin ɗimbin hanyoyin da za a iya raba dangi, harsuna suna zaɓar kaɗan ne, waɗanda suka daidaita tsakanin sauƙin riƙewa da fayyace wanda ake nufi.

A 2023 kuma aka ƙaddamar da Kinbank, wata taskar bayanai a intanet mai ɗauke da sunayen dangi na harsuna sama da 1,200. Binciken wasu daga cikin waɗanda suka haɗa ta ya nuna cewa alaƙar tsarin suna da tsarin aure ko gado ba ta da ƙarfin da Murdock ya zata. Sau da yawa al'ada kan sauya, sunan ya ci gaba da zama.

Wani lokacin kuma sunan ne ke rasa mai amsa shi. Harshen China yana cikin masu fayyacewa ƙwarai: bobo wan uba ne, shushu ƙanin uba, jiujiu kawu, gugu goggo, kakannin wajen uwa kuma ana haɗa sunansu da kalmar da ke nufin waje. Manufar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga 1980 har aka sanar da soke ta a 2015, ta samar da miliyoyin yara a birane waɗanda iyayensu duka biyu ba su da wa ko ƙane, don haka ba su da wanda za su kira da yawancin waɗannan sunaye.

A biranen ƙasar Hausa dangin suna nan, sunayen ne ke sauyawa. A Kano da Kaduna anti tana shiga wurin goggo da inna a lokaci guda, a Yamai da Maraɗi kuma tanti da tonton na Faransanci ke yin wannan aiki, kuma duka ukun ba sa nuna ko ta wajen uwa ne ko ta wajen uba.